Tele babba, hoto gida-gida: laifin gilashi ne ko na waya?

Mai Gidan Kallo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda sunka san kayan wuta. Na canza telen gidan kallona nan Tawa, na sauke tsohuwar mai doro inci 29 na kafa faffaɗa inci 55. Tun daga nan samarin bencin gaba ba su bar ni na huta ba. Da 'yan wasa sun ruga da gudu sai ciyawar fili ta farfashe gida-gida, fuskar mutum ta dagule, lambar riga ba ta karantuwa sai an jawo ta kusa. Tsohuwar ba ta taɓa yi muna haka ba. Na koma wajen wanda ya sayar mini, ya ce wai ƙwayoyin hoton wagga ne manya, in ciko kuɗi in ɗauki mai 4K, wadda ƙwayoyinta suka fi ƙanana da yawa. Kafin in sake zuba kuɗi ina son in ji ta bakinku, ga shi gobe akwai wasa.

Ɗan Abijan: Wa alaikumus salam yayana. Gaskiya ya gaya maka. Nan kasuwar Ajame ta Abijan ka shiga shagon tele ka tsaya gaban 4K, ko hancinka ka manna ba ka ganin ƙwaya. In ma da hali OLED, wani sabon irin gilashin tele mai tsada, za ka ɗauka ka huta.

Mai Gyara: Maigida, riƙe kuɗinka tukuna. Amsa mini abu uku. Wace waya ce tsakanin dekoda da tele? Tashar da kuke kallo akwai alamar HD, wato hoto mai yawan layi, gefen sunanta? Kuma bencin gaba mita nawa ne daga gilashi?

Mai Gidan Kallo: Wayar nan ce mai kai uku, rawaya da fari da ja, wadda nake aiki da ita tun da. Dekodar ma tsohuwa ce. Benci kuwa bai kai mita biyu ba, ɗakin ƙarami ne.

Mai Gyara: To ka gani. Abin da samarinka ke gani ba ƙwayoyin tele ba ne. Abu biyu ne daban mutane ke haɗawa su kira da suna guda, kuma nan ne masu shago ke cin kasuwa.

Na farko ƙwayar gilashi, piksel, wadda anka gina tele da ita. Ba ta motsi, ba ta girma, ba ta ƙanƙancewa. Ko ana wasa ko an tsaya, tana nan inda take. Kowace guda an raba ta uku: ja, kore, shuɗi. Ka sa farin hoto, ka matso da kyamarar salula kusa-kusa ka ɗauka, ka buɗa hoton da yatsa, za ka gansu jere reras, da baƙin layi siriri tsakaninsu.

Na biyu gida-gidan nan da ke fitowa in an ruga, su ɓace in an tsaya. Su daga tashar suke zuwa. Kafin a aiko hoto ta tauraron ɗan'adam sai an matse shi don ya shige hanya. Na'urar matsewa tana yanka hoton murabba'i-murabba'i, kowane 8 a tsaye 8 a kwance, wani tsarin ma 16 da 16. In hoto ya natsu ba ka ganin yankan. In ciyawa da 'yan kallo da kyamara duk suna motsi lokaci guda, hanyar ba ta ɗaukar bayanin duka, sai na'urar ta zubar da ƙananan abubuwa ta bar kowane gida da launi kusan guda. Shi ne abin da kuke gani. Sannan wayarka mai rawayan kai ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce layi 576, ko da tashar HD ce. Ka sayi 4K ka maƙala mata wagga waya, wallahi abin da za ka gani kenan, ko ma ya fi muni.

Mushe: Bari in sa lissafi bisa maganar Malam mai gyara, don lamba ba ta son kai.

Hoton da wayar nan ke kawowa, in aka ƙidaya shi da ƙwaya, 720 ne a kwance 576 a tsaye, jimla 414,720. Tele mai cikakken HD tana da 1920 sau 1080, wato 2,073,600. Ninki biyar cif. Mai 4K kuwa 3840 sau 2160, wato 8,294,400, ninki ashirin. Ma'ana in ka ba tele mai 4K wancan ƙaramin hoto, cikin kowace ƙwaya 20 da ka gani, guda ce ta zo daga filin wasa, sauran 19 telen ce ta kintata ta cike gurbi. Dunƙulen hura guda ne aka dama wa mutum ashirin, ruwa ne ya yi yawa, ba ƙwaryar ce ke da laifi ba.

Ga kuma girma. Tele inci 55 faɗinta wajen santimita 122 ne. Raba shi gida 1920, kowace ƙwayar gilashi ba ta wuce milimita 0.63 ba. Amma raba shi gida 720, kowane ɗigon hoton da ke shigowa ya zama milimita 1.7. Gidan matsewa mai ɗigo 8 kenan ya haura santimita guda, mai 16 ya kusa santimita uku. Abu mai santimita uku, daga ƙofar ɗaki ma ana hangensa.

Mai Gidan Kallo: Allah ya ƙara sani Mushe. To amma tashar guda ce, dekodar guda ce, wayar guda ce. Don mi tsohuwar ba ta nuna gida-gidan ba?

Baba Alhaji: Tambayar da nake jira kenan. Ni har gobe mai doro ce a ɗakina, kuma 'ya'yana sun yi sun yi in canza na ƙi. Mun ga tele tun tana baƙi da fari. Ƙasar nan tamu Nijar ta fara da telen lakwal tun 1964, ana koya ma yara karatu da ita, kafin a zo ga Tele Sahel ta kowa da kowa. Zamanin samariya tele guda ce unguwa ke taruwa gabanta. Kokowa muke kallo, wadda anka fara gasar ƙasa tata nan garinmu Tawa a 1975, kuma ban taɓa ganin ƙafar ɗan kokowa ta farfashe ba. Yanzu in na je gidan ɗana ana kokowa, da ƙura ta tashi sai filin duk ya dagule, fatar mutane ta yi sumul ba ta mutane ba. Ku yara kuna cewa ci gaba ne. Ni idona bai yarda ba.

Mai Gyara: Baba, idonka bai yi ƙarya ba, kuma akwai dalili.

Mai doro ba ta da ƙwaya ƙidayayya irin ta yanzu. Can ƙarshen doron akwai bindiga uku masu harbo lantarki, suna zana hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa bisa garin fosfo da anka shafa cikin gilashi. Inda harbin ya sauka sai wurin ya yi haske, tsakiya da ƙarfi, gefe-gefe a hankali. Ba kaifi, ba kusurwa. Don haka duk wani gida-gida da ya zo daga tasha, bakinsa shina narkewa cikin na kusa da shi. Sabuwa kuwa kowace ƙwaya murabba'i ce mai kaifin baki, abin da anka ba ta shi take nunawa ba rufi.

Sai kuma girma. Inci 21 da yawancinmu munka tashi da ita faɗin hotonta wajen santimita 40 ne, ana kallonta daga mita uku. Yau an ɗauki hoto guda an shimfiɗa shi bisa santimita 122, an zauna mita biyu. Aibin da can ma shina nan, ƙanƙanta ce ta ɓoye shi.

Na uku, tsarin aiko hoto na da don mai doro anka yi shi. Layi 625, ana aiko rabi, layukan mara, sannan rabi, layukan cika, sau 50 cikin daƙiƙa. Mai doro haka take zana su bi da bi. Faffaɗa ba ta iya haka, sai ta haɗa rabi biyun ta yi hoto guda, alhali tsakaninsu ƙwallo ya riga ya gusa. Mai arha in ta haɗa sai ka ga gefen ɗan wasa ya yi haƙora-haƙora. Kuma hasken fosfo walƙiya ne, ya haska ya mutu nan take, shi ya sa abu mai gudu ke fita tsaf. LCD kuwa, wato gilashin yawancin faffaɗan tele, riƙe hoto take har na gaba ya zo, ido na bin ƙwallo hoton na tsaye, sai a ga jirwaye.

Ɗalibi: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa, amma kar mu mai da mai doro abin da ba ita ba. Ita ma tana da ƙwayoyinta. Bayan gilashinta akwai farantin ƙarfe mai ƙananan huji, kuma duk wanda ya taɓa matsawa kusa ya ga ɗige-ɗigen ja da kore da shuɗi. Trinitron ta Sony, wadda ta fito a 1968, maimakon huji wayoyi ne a tsaye, har ana ganin siririn layi a kwance inda aka ɗaure su. A manyan masu doro kuma layukan zanen a fili suke, ga kyaftawar da ke gajiyar da ido. Kusurwoyi ba sa daidaita, lasifika in ta matso kusa launi ya ɓaci. Rubutun ƙasan labarai fa? A faffaɗa ya fi karantuwa nesa ba kusa ba. Kuma kokowar da Baba ya kalla a da ba a matse take ba, hoton analog ne kai tsaye daga eriya. Aibinsa daban ne: yayyafi da inuwa biyu.

Baba Alhaji: Yayyafin na tuna shi, ɗana. Sai an hau soro an juya eriya. Amma ko cikin yayyafi kana ganin wanda ya kada wani. Na yanzu in hadari ya taso hoton tsayawa yake cak, a daidai lokacin da ake neman faɗuwa.

Mai Gyara: Wanga gaskiya ne, haka dijital take: ko ta zo duka ko ta yanke. Tun da an tabo zamanin da, masu shekaru za su tuna wahalar telen da ake shigowa da su ta Ƙonni. Lokacin Nijeriya tsarin aiko hotonta PAL ne na Jamus, mu SECAM na Faransa. Layi 625 ne duk biyun amma hanyar launi daban, sai mutum ya kawo tele mai launi ta nuna mishi Tele Sahel baƙi da fari. Maigidana da ya koya mini aiki rabin cinikinsa nan yake.

Ɗan Abijan: Duk na ji, amma har yanzu ban ga wanda ya ce 4K ba ta fi ba. Mutum na son gyara sana'arsa kuna ta ba shi tarihi.

Mushe: Ta fi, ƙanena, ba wanda ya musa. Tambayar ita ce daga ina ake ganin fifikon. Idon mai lafiya yana rarrabe abu biyu in tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. A sauƙaƙe, ka ninka girman ƙwaya wajen sau 3,400, ka sami nisan da za ta ɓace wa ido.

Inci 55 mai cikakken HD: ƙwaya milimita 0.63, tana ɓacewa a mita 2.2. Inci 55 mai 4K: milimita 0.32, tana ɓacewa a mita 1.1. Inci 32 mai 1366 sau 768, irin wadda ta cika gidajenmu: milimita 0.52, mita 1.8. Wato duk wanda ya zauna bayan mita biyu da 'yan kai, idonsa ba zai raba masa inci 55 mai HD da mai 4K ta fuskar ƙwaya ba. A gidan kallo mutum nawa ne ke gaban mita biyu? Benci guda. Sauran suna mita uku, huɗu, shida. Su babbar tele suke bukata, ba ƙananan ƙwayoyi ba.

Kai da ka tsaya gaban tele a shago, taku guda ne tsakaninku, kuma hoton da suke sakawa na musamman ne daga kile, an ɗauke shi da 4K na gaske, furanni da tsuntsaye masu motsi a hankali. Ka ce su sa maka tashar ƙwallo ta dekoda ka gani.

Ɗan Abijan: To ni da nake wasan PlayStation kusa da tele, ina kallon YouTube da intanet mai ƙarfi?

Mushe: Kai kam 4K taka ce. Kana kusa, kuma abin da kake ba ta ya kai ta.

Ɗalibi: A ƙara da cewa manyan kamfanoni yanzu kusan duk inci 55 ɗinsu 4K ce, ba ma zaɓi. Kuma sau da yawa sun fi kyau ba don yawan ƙwaya ba, sai don na'urar da ke cike gurbin ta fi wayo, hasken ya fi, launin ya fi.

Mai Gyara: Haka ne. Amma tun da anka zo nan bari in faɗi abin da ke ci mini rai, don kusan kullum sai an kawo mini irinta. Kwali an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, ka buɗe bayan telen ka karanta takardar gilashin, ka iske 1920 ne, wani lokaci ma 1366. Abin da suke nufi wai tana karɓar hoton 4K, sai ta rage shi ta nuna. Mutum ya tara kuɗin ci-rani ko na albasa ya saya ma iyalinsa, an cuce shi bai sani ba. Ba na son wanga abu ko kaɗan.

Ga yadda za ku gane, ba sai kun kwance komi ba. Ku tafi da ruwla ta 'yan lakwal. A sa farin hoto, a ɗora ruwlar a hankali bisa gilashi, a ɗauki hoton santimita guda da salula, a ƙidaya jajayen ƙwayoyi da ke cikinsa a kwance. A inci 55, in 4K ce ta gaske za ku sami wajen 32. In 16 ne, cikakken HD ce. In 11 ne, 1366 ce anka shimfiɗa. A inci 43 kuwa 40 ko 20. Mai shagon da ya hana ku wanga gwaji, ku yi gaba.

Akwai ma wata dabara da ta yi tashe shekarun baya, har manyan kamfanoni sun yi ta: a ƙara farar ƙwaya cikin jerin, ya zama ja, kore, shuɗi, fari. Ƙananan ƙwayoyin layi guda 11,520 ne, in an raba su uku-uku 3840, amma in huɗu-huɗu ne sai su koma 2880 masu cikakken launi. An yi ta gardama ko ta cancanci sunan 4K. Tana da haske, amma siririn rubutu mai launi bakinsa ba ya fita sumul. A hoton salula za ku ga farar a fili.

Maman Nana: Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa. Ni tambayata daban ce. Ana ta cewa LED, QLED, OLED, plasma, kaina ya ɗaure. Mu nan kowace faffaɗa plasma muke ce mata. Wani maƙwabcinmu zai sayar da tasa ta hannu, inci 42, ya ce plasma ce ta asali, hotonta ya fi na yanzu. Gidanmu kuma da panno da batir muke.

Mai Gyara: Hajiya, in plasma ce ta asali, kar ki saya. Ba don hoton ba. Hoton plasma mai kyau ne ƙwarai, kowace ƙwaya ɗan ɗaki ce mai iskar gas da ke kunna fosfo, ita ke ba da haskenta, don haka baƙinta baƙi ne, daga gefe ma launi ba ya gushewa, ƙwallo kuma tsaf. Amma inci 42 tana iya shan wat 200 zuwa sama, inda LED inci 32 ba ta cika wuce 50 ba. Batirinki ba zai kai ki ƙarshen labarai ba. Ga zafi da take fitarwa, ki haɗa da namu na watan Afrilu da Mayu. Kuma an daina yin ta: Panasonic da Samsung da LG duk sun tsaya a 2014, kayan gyaranta sai daga gawar wata. Yawancin inci 42 ɗin ma 1024 sau 768 ne, in kin matso za ki ga ƙwayoyin da wani ɗan tsatsatsa a wurare masu duhu.

Ɗalibi: Hajiya bari in ƙarasa miki sauran. Wadda ake kira LED da QLED duk LCD ne. Ƙwayoyinsu ba sa haske da kansu, ƙofofi ne kawai masu buɗewa da rufewa, fitila na bayansu a kunne. Da dogayen fitilu ake sawa, yanzu ƙananan LED. QLED an ƙara mata wani shafi ne tsakanin fitila da gilashi mai sa ja da kore su yi tsabta. Tunda fitilar ba ta mutuwa, ƙofa kuma ba ta rufuwa ruf, baƙinsu toka-toka ne in ɗaki da duhu. Masu tsada, irin Mini LED, suna raba fitilar yanki-yanki su rage na wurin duhu, amma za ki ga ɗan haske ya kewaye farin rubutu.

OLED ce daban. Kowace ƙwaya fitilar kanta ce, in wurin baƙi ne sai ta mutu gaba ɗaya. Sony ta fara fitar da ƙarama inci 11 a 2007, LG ta kawo inci 55 a 2013. Ta LG ƙwaya huɗu take da su har da fara, amma a nan kowane piksel na da huɗunsa cikakku, ba irin waccan da Malam mai gyara ya faɗa ba. Ta Samsung da ta fito a 2022 kuma ukun a jere suke kamar kusurwa uku, kore a sama, shi ya sa masu haɗa ta da kwamfuta ke ganin ɗan launi a bakin rubutu. Daga kujera ba a gani.

Ɗan Abijan: To kun ji. Shi ya sa na ce OLED tun farko.

Mai Gyara: A ɗakinka da dare, ƙanena, ba ta da na biyu, na yarda. A gidan kallo kuwa ban ba kowa shawararta. Ƙwayar da ta fi aiki ita ke riga gajiya. Tambarin tasha da akwatin ci da minti suna wuri guda tun azahar har tsakar dare, kullum. A hankali sai inuwarsu ta zauna, ko an canza tasha tana nan, kuma ba ta gyaruwa sai an canza gilashin duka. Zafi na ƙara saurin abin. Sannan baƙin nan da ake yabo sai cikin duhu ake ganinsa, rumfar kwano da rana na shigowa ta ƙofa ba ta bari. Kuɗin guda kuma ya sai maka LCD babba da dekoda sabuwa da regilata, har da canji.

Abin da ya kamata mai gidan kallo ya duba, wanda ba a rubutawa bisa kwali, shi ne irin gilashin. LCD iri biyu ce a kasuwa. VA baƙinta ya fi zurfi, amma da ka koma gefe launi ya kwashe, fuska ta yi fari-fari. IPS baƙinta bai kai ba, amma na gefe da na tsakiya abu guda suke gani. Ɗakin da benci ke da faɗi, mutane har jikin bango, IPS ta fi. A shago ka tsaya tsakiya ka dubi fuskar mutum, sannan ka taka zuwa gefe kana kallo. Idonka zai gaya maka.

Mai Kula da Zaure: Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma a taimaka a ba mai tambaya abin da zai yi a aikace, ya ce gobe akwai wasa.

Mai Gyara: To maigida. Ka samo dekoda mai HD da wayar HDMI, wadda ke iya ɗaukar hoton HD, ka cire mai kai ukun nan. Wayar ba sai mai tsada ba. Ka shiga saitin dekodar ka tabbata fitar hoto na kan 1080, don wasu suna zuwa a 576 ko da HDMI ce. Ka nemi tashar mai alamar HD, sau da yawa tasha guda tana da lamba biyu. A telen kuma ka fita daga yanayin shago, wanda suke kira dinamik, ka koma sinima ko sitanda. Kaifin hoto ka sauke shi ƙasa sosai, don shi ke zana farin layi a bakin kowane gida-gida ya ƙara fito da shi. Ka duba ƙarfin sigina, in ya yi ƙasa a gyara kwanon, iskar bazara na gusar da shi. Bencin gaba kuma ka ja shi baya ya kai mita biyu da rabi in ɗaki ya yarda.

Wani abu don tsawon ranta: hasken fitilar baya kar ka bar shi a 100. Mafi yawan faffaɗan da ke shigowa shagona, murya na fita hoto babu, fitilun ne sunka ƙone. In ka haska tocila jikin gilashi ka ga hoto dishi-dishi, to su ne. Kuma kar yaro ya fesa ruwa bisa gilashi don goge ƙura. Ruwan gangarawa yake ƙasa inda siraran wayoyin ƙwayoyin suke, ya ci su, sai layi ya fito tsaye daga sama har ƙasa. Tsumma mai laushi, busasshe ko mai ɗan danshi, ya isa.

Mai Gidan Kallo: Na aro dekodar ƙanena da wayarta na gwada yanzu. Lambar riga na karantuwa daga bencin baya, ciyawa ta zama ciyawa. In kyamara ta juya da sauri har yanzu akwai ɗan dagulewa, amma ba a haɗa da na da. Na yi gwajin ruwlar ma, 16 na ƙidaya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Mushe: Amin. Cikakken HD ce kenan, daidai da abin da tashar ke aikowa. Ragowar dagulewar daga matsewar tasha ce, ba abin da za ka saya ya kawar da ita.

Baba Alhaji: Madalla. Amma ni a bar mini mai dorona. Ranar da anka fara aiko kokowa da hoton da ya kai waɗannan manyan, ku kira ni in zo in gani.

Ɗalibi: In sha Allah Baba. Ko yanzu in za a zauna nesa kaɗan da ta gidan yaya, a rage kaifin nan, za ka ga bambanci.

Maman Nana: To ni inci nawa zan nema? Ɗakin bai fi mita uku ba, daga kujera zuwa bango.

Mai Gyara: A mita uku, Hajiya, inci 32 mai 768 ma ba za ki ga ƙwaya ba, kuma ita ce mai sauƙi ga batir. Akwai masu aiki da volt 12 kai tsaye, ba sai an bi ta konbatisa mai mai da wutar batir irin ta gida ba, wutar da ke ɓacewa a can ta zama riba. In pannonku da ƙarfi, inci 43 mai cikakken HD ta fi daɗin kallo ga iyali. Kafin ki biya, ki ɗauko hoton takardar da ke manne a bayan telen, inda anka rubuta wat, da na jikin batirinku, ki turo nan in lissafa miki awa nawa za ta ɗauke ku.